Motarka Mai Ɗaki Tana Kuka? Ga Yadda Ake Gano Inda Ƙarar Take Fitowa

Assalamu alaikum jama'a. Yau muna kan motar nan mai ɗaki a ciki, wadda mutanen Turai da Amurka ke yawon hutu da ita, da gadonta da kicin da banɗaki. Ku kasa kunne. Kun taɓa jin wata siririyar ƙara a cikinta, wiiii, kamar kukan sauro a kunne? Ita za mu bi.

Yawancin irin waɗannan motoci a Turai a kan gangar jikin Fiat Ducato ake gina su, wasu a kan Mercedes Sprinter ko Ford Transit. Su ne dai bas-bas ɗin da ake shigo mana da su daga Beljiyam, don haka rabin bayanin nan zai yi wa direban haya amfani. Bambancin kawai, ita wannan mota ce kuma gida ce. Batir ɗinta ma kashi biyu ne, na inji daban, na ɗaki daban. Shi ya sa ƙararta ke ruɗa makanikai, sai mutum ya duƙufa a kan inji alhali abin yana ƙarƙashin kujerar zama.

Kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya, ka amsa wannan tambayar: me ƙarar take bi? Juyin inji, gudun mota, ko wutar ɗaki?

Fara da ɗakin, don shi ne mafi sauƙi. Ka faka, ka kashe inji, ka zare makulli. In har kukan yana nan, inji ba shi da laifi. Sai ka riƙa kashe kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Famfon lantarki mai tura ruwa daga tankin ɗaki ne na farko da za a zarga. Aikinsa ya tashi in an buɗe ruwa, ya tsaya in an rufe, amma in tanki ya ƙare ko wani tiyo yana yoyo, sai ya yi ta juyi ba hutu. Akwai ƙaramar fankar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da ta cajar da ke aiki in an jona motar da wutar sansanin da 'yan yawon hutu ke fakawa, volt 230 a Turai, 120 a Amurka. Hita mai shan dizal, irin na Webasto ko Eberspächer, shi ma fankarsa na kuka sosai lokacin tashi sannan ta lafa, kuma wannan ba matsala ba ce. Ka kashe babban makunnin wutar ɗakin, in shiru ya biyo baya, ka san ɓangaren da za ka bincika.

To in sai inji na aiki ake jin ta fa? Saka motar a firi, ja birkin hannu, ka taka totur a hankali. Idan muryar ƙarar tana hawa tana sauka tare da inji alhali motar tana tsaye, ka cire tayoyi daga lissafi. Buɗe bonet. Don Allah a nan a naɗe hannun riga, babbar riga ko mayafi kuwa a ajiye su gefe, domin fanbel in ya kama tufafi ba ya saki.

Fesa ɗan ruwa a kan fanbel ɗin. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ko ta canza murya, bel ɗin ne ya tsufa ko ya saki. In ba ta ko gezau ba, wani boris ne. Ɗauko doguwar sukudireba, ɗora bakinta a jikin altaneta, wato mai cajin batir, a wurin da ba ya juyi, ka kanga kunnenka a mariƙin. Lafiyayyen boris sumul za ka ji shi. Wanda ya mutu kuwa, za ka ji gurza-gurza har cikin haƙoranka. Haka za ka bi sauran kayan da fanbel ke juyawa ɗaya-ɗaya.

Altaneta na shan wahala a wannan mota fiye da a bas na yau da kullum, domin batir biyu take ciyarwa, sau da yawa har da firji. Gwajinta mai sauƙi ne: kunna manyan fitilu da fankar gaba gaba ɗaya. In kukan ya ƙaru, ita ce. Sa mita a kan batir, inji na aiki, a yawancin motoci za ka ga tsakanin volt 13.8 da 14.4. Wani lokaci ma ƙarar ba daga bonet take ba, ta lasifikar rediyo take fitowa tana bin totur. Kashe rediyon ka ji. Wannan yawanci wayar at ce, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ba ta kama da kyau ba, ko altanetar ta fara lalacewa daga ciki.

Juya sitiyari har ƙarshe. Ya yi kuka? Duba mansa, ko ya yi ƙasa ko yana kumfa. Turbo kuma, mai cusa wa inji iska, ɗan fito kaɗan ɗabi'arsa ce. Amma fito mai ƙarfi, ga motar ba ta ja, ga baƙin hayaƙi, nemi tiyon iskar da ya tsage kafin ka yarda a ce maka turbo ya tafi. Abin yana ba ni takaici in ga an canza turbo mai tsada saboda tiyo ɗaya.

Saura wadda ba ta fitowa sai motar na gudu. Samu shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, ba gangara ba, domin wannan mota tana da nauyi. Kana cikin tafiya ka taka kuloci, inji ya sauka. In ƙarar ta ci gaba yadda take, gudun mota take bi. Ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama, a hankali. In ta ƙaru lokacin da ka yi hagu, galibi boris ɗin tayar dama ne, don nauyi can ya koma. Waɗannan motoci kullum a cike suke, kusa da kilo 3,500 da lasisin ƙaramar mota ya yarje a Turai, sannan su yi watannin sanyi a ajiye wuri guda. Boris ba ya son ko ɗaya daga ciki. In kuwa ƙarar na zuwa in ka taka totur, ta ɗauke in ka saki, giyabos ne ko aksul, a duba mansu tun kafin haƙora su cinye juna.

Kada a manta da rufi. Farantin sola, tagar sama, eriya da rumfar gefe duk suna yanka iska, kuma sukan yi fito a wani takamaiman gudu, ya ƙaru in iska na busowa daga gaba. Liƙe ratar da kake zargi da salatif mai ƙarfi, ka sake bin hanyar.

Fiton iska da fankar inbata za su iya jira har ka dawo gida. Boris ɗin taya da ya fara ƙugi, ko cibiyar tayar ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ko fitilar batir ta kama a gabanka, waɗannan ba a ci gaba da tafiya da su. Ka ɗauki ƙarar a wayarka, ka rubuta gudun da take farawa da giyar da kake ciki, ka kai wa makanike.