Ɗan kwikwiyo a sabon gida da abin da ake zuba masa a kwano

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi ya gabatar wa mafarauta da masu karnukan gadi a Kaduna. An rubuto ta ne daga muryar da aka naɗa a wurin.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena dattawa, sarakunan dawa da ke zaune a gaba, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka. Na ga har daga Rigasa da Kawo da Sabon Tasha an zo, Allah ya saka da alheri.

Bari in fara da abin da na fi gani a wurin aiki. Sai a shigo mini da kwikwiyo ɗan wata uku a cikin kwali, ciki ya yi tulu, haƙarƙari duk a waje, ƙafafun gaba sun gwame. In na ce, "Malam, me yake ci?" amsar ɗaya ce kullum: "Likita, abin da muka ci shi yake ci." Mai wannan magana ba mugu ba ne, a ganinsa ma karamci ya yi. To amma a nan matsalar take, don cikin kare ba cikin mutum ba ne, kuma abin da aka zuba wa kwikwiyo a watanni shida na farko shi zai bi shi har tsufa. Ku mafarauta kun riga ni sani, ba a kiwon kare ranar farauta.

Kafin a zo maganar kwano, akwai maganar uwa. Don Allah a daina raba kwikwiyo da uwarsa yana ɗan mako uku don wai ya fi sabo da mutum. Nonon farko, wanda muke kira dakashi, shi ne rigakafinsa na farko, kuma cikinsa yana iya karɓar amfaninsa ne a kwana ɗayan farko kawai. Idonsa ba ya buɗewa sai wajen kwana 10 zuwa 14. Yakan fara lasar abinci a mako na uku ko na huɗu, amma a bar shi da uwarsa da 'yan'uwansa har mako takwas. A wurinsu yake koyon iyakar cizo a wasa, abin da ni da ku ba za mu koya masa ba.

Ranar da ka kawo shi gida, tambayi inda ka karɓo shi abin da ya saba ci, ka ci gaba da ba shi wannan ɗin. In za ka canza, ka riƙa haɗa tsohon da sabon har tsawon mako guda. Sauyin dare ɗaya gudawa yake kawowa. Ka nema masa lungu mai tsabta da tsumma, musamman da hunturu, don sanyin Kaduna na Disamba da Janairu yana kayar da ƙananan dabbobi. Zai yi kuka daren farko, kewa ce, ba sai an dake shi ba. Kuma kada a ce za a lallashe shi da madarar shanu ko ta gwangwani. Nonon karya ya fi na saniya maiƙo da sinadarin gina jiki, na saniya kuma ya fi shi sukari, wannan sukarin ne ke tsinka masa ciki.

Sau nawa zai ci? Sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Cikinsa ƙarami ne, girmansa kuwa da sauri yake tafiya.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Gayan tuwo da ƙanzo da kunu suna cika ciki, suna ba da ƙarfin yawo, amma ba sa gina tsoka. Masu auna abincin dabbobi a Amurka sun sa ƙa'ida cewa abincin kwikwiyo kada sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya gaza kashi 22.5 cikin ɗari idan an cire ruwa, na babban kare kuma kashi 18. Masara ba ta kai rabin na kwikwiyon ba. Don haka tuwon yana bukatar abokin tafiya: dafaffen ƙwai, kifi, tumbi, nama, 'yar hanta kaɗan ba kullum ba, a jefa kabewa ko karas da ɗan mai. Wanda ke kusa da kwata ta Tudun Wada ba zai rasa tarkacen nama mai araha ba. Sharaɗi ɗaya ne, a dafa.

Akwai kuma masu hali da ke faɗawa ɗaya ramin. Mutum ya sayi babban karen waje irin Alseshan ko Bowabol da kuɗi mai yawa, ya ce karensa ba zai ci komai ba sai zallan tsoka. Bayan wata biyu sai ka ga karen yana ɗingishi, ƙashi ya yi laushi, wani ma ya karye daga tsalle kawai. Dalili shi ne nama ba shi da kalsiyam sai ɗan kaɗan, alhali fosfaras ya yi masa yawa, kuma ƙashi yana son su kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. In jiki bai samu a abinci ba, sai ya koma yana zara daga ƙashin kansa. Maganin abin shi ne garin ƙashi ko ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu, a gwargwadon da likita zai auna maka bisa nauyin karen. Amma in kana ba shi abincin buhu na kwiyakwiyai, kada ka ƙara masa ƙwayar kalsiyam a kai. Ga manyan irin nan na waje, yawansa ma yana lalata gaɓoɓi.

Sai miya. Iyayenmu mata, da ku nake. Miyar da ta yi daɗi a gidan Bahaushe ba ta rasa albasa, wata har da tafarnuwa. To albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ba ranar ake gani ba, sai bayan kwanaki ka ga ya yi laƙwas, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Sai a ce sammu aka yi masa, alhali ragowar miya ce da ake juye masa kowane dare. A ɗebi nasa rabon kafin a sa albasa da yaji da dunƙule. Haka goro, ina ganin wasu na tauna suna tofa wa kare don wai ya yi kuzari. Abin da ke cikin goro ɗan'uwan abin da ke cikin cakulan ne, yana sa zuciyar kare bugawa ba ƙa'ida, har da jijjiga. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa kamar tsinke, na sha ciro shi daga maƙogwaro da hanji. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna a damina, wanda aka ce ba ya ciyuwa a ba kare, gubarsa hanta take nufa kai tsaye. Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, irin su farasitamol, kada ka ba shi da kanka.

Babbar Sallah na zuwa, bari in ja kunne tun yanzu. In an feɗe rago aka ga wasu ƙulli masu ruwa a hanta ko huhu, kada a jefa wa kare. A binne ko a ƙone. Tsutsa ce a ciki, ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito a kashinsa, yaro ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba, ta je ta yi masa irin wannan ƙullin a hanta.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, kare in ya ƙoshi ba ya gadi." Baba, da girmamawa, ban yarda ba. Karen da ke jin yunwa hankalinsa na kan bola, kuma shi ne ɓarawo ke saye da guntun nama. Wanda ake ba barkono a ɗaure shi a rana don ya yi zafi, yaran gida zai fara ciza. Karen farauta da ke bin zomo a dajin Birnin Gwari ko Kaciya da tsoka yake gudu, tsoka kuwa daga abinci take. Addini ma da ya halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona bai halatta azabtar da shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, don haka a zafin Maris da Afrilu kada kwanon ruwansa ya bushe, kuma a ajiye shi a inuwa.

Duk wannan ciyarwa banza ce in tsutsar ciki ce ke cinyewa. Yawancin kwiyakwiyai da ita ake haihuwarsu, tun a mahaifa suke ɗauka. Ana fara ba su magani daga mako biyu, a maimaita duk mako biyu har wata uku, sannan duk wata har wata shida. Allurar rigakafi ta farko a mako shida zuwa takwas ce, a riƙa maimaitawa har mako 16, saboda cutar nan ta amai da gudawar jini da ake kira fabo. Kafin ya kammala, kada ya fita titi. Ta haukan kare kuma a wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin allurar, kuma ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da mu. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Na ga hannu a baya. Hajiya, bismillah.

Tana tambaya ne ko dole sai abincin buhu, ga tsada. A'a Hajiya, ba dole ba ne. In za ki saya, ki duba an rubuta na kwiyakwiyai ne, ki duba ranar lalacewa, ki shinshina, ki guji wanda ake aunawa a buɗe a rana. In a gida za ki dafa, ki kawo shi mu auna shi mu tsara miki. Gwajin da za ki riƙa yi duk mako shi ne ki shafa gefen ƙirjinsa: hannunki ya ji haƙarƙari, amma idonki kada ya iya ƙirga su daga nesa. Ki duba kashinsa kuma, in ya ɗaure yadda za a kwashe da shebur bai bar shaida ba, abincin ya karɓe shi. Saura wa? Malam mai jar hula, taso kusa don na'urar ta ɗauki muryarka.