Jarumin da Hannunsa Ya Jiƙe da Jini

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanku da war haka. Kafin in shiga magana bari in nemi afuwa: sharhin yau zai tona asirin wasu littattafai, to wanda ke tsakiyar karanta su ya yi haƙuri da ni.

Yaro ne ɗan shekara 7, gwanin hawan katanga. Wata rana ya haye wata tsohuwar hasumiya a gidan mahaifinsa, ya leƙa ta taga, sai ya ga abin da bai kamata idonsa ya gani ba: sarauniyar ƙasar ce tare da ɗan'uwanta, abokin tagwaicinta, suna aikata abin kunya. Mutumin ya jawo yaron, ya tsayar da shi a bakin tagar, ya tambaye shi shekarunsa nawa. Yaro ya faɗa. Sai ya sa hannu ya hankaɗa shi ƙasa.

Sunan yaron Bran, sunan mutumin Jaime Lannister, littafin kuwa A Game of Thrones ne na marubucin nan Ba'amurke George R. R. Martin, wanda ya fito a 1996. Duk wanda ya karanta wannan babi ya rufe shi da tsanar mutumin nan har cikin ransa. To amma da juzu'i na uku ya fito a shekarar 2000, sai marubucin ya shigar da mu cikin zuciyar Jaime. Aka sare masa hannun dama, hannun da yake taƙama da shi wajen riƙon takobi. Yana cikin zazzaɓi ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa: sarkin da ya yi rantsuwar karewa amma ya kashe, wanda saboda shi duniya ke kiransa maci amana, ashe ya shirya ƙone babban birnin ne ƙurmus da duk mutanen cikinsa. Jaime ya karya rantsuwa ya ceci gari, ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Daga nan fa masu karatu da yawa suka soma cewa shi ne ya fi burge su a duk labarin, wasu kuma suka ce a'a, ai yaron yana nan, ƙafafunsa sun shanye har abada.

Wannan gardama ce nake so mu tattauna, domin ta wuce littafi ɗaya. Akwai wani reshe na almara da marubutansa ke ƙaga duniya tasu ta kansu, mai sarakuna da mayaƙa da matsafa da dodanni, sannan su cika ta da duhu: yunwa, cin amana, yaƙin da ba ya ƙarewa da murna. Jaruman irin waɗannan littattafai su ne Turawa ke cewa halinsu launin toka ne, wato ka rasa inda za ka ajiye su, tsakanin mutanen kirki ko cikin azzalumai. Akan ce sun zo ne a matsayin martani ga salon marubucin Ingila J. R. R. Tolkien, wanda babban labarinsa, The Lord of the Rings, ya fito a 1954 da 1955, inda haske ke gefe guda duhu ke gefe guda. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ana yi wa Tolkien rashin adalci a ciki, tunda shi ma jaruminsa da ya kai bakin dutsen wuta don ya hallaka wani mugun zoben tsafi, kasa jefa zoben ya yi, son zuciya ya kayar da shi a matakin ƙarshe. Amma dai tun daga 1984, lokacin da Glen Cook ya fitar da The Black Company, labarin sojojin haya da ke yi wa azzalumar sarauniya aiki daga bakin likitansu, salon ya yi ta ƙarfi har ya zama kasuwa mai zaman kanta.

Masu ƙaunar wannan salo hujjarsu a fili take. Sukan ce sun gaji da jarumin da tun daga shafin farko an san ba zai yi ƙarya ba, ba zai ji tsoro ba, kuma ba zai mutu ba. Mutum duka ɗan tara ne, in ji su, to don me za a riƙa kawo mana wanda ya cika goma? Sun fi son wanda aka sa a gaba kura baya sayaki, ya zaɓi ɗaya cikin sharri biyu, ya kwana yana juyi. Ina fahimtarsu ƙwarai, kuma tunanin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristotal ya rubuta cewa wanda faɗuwarsa ke taɓa zuciyar 'yan kallo shi ne mutumin da bai kai waliyyi ba, bai kuma zama tantirin mugu ba, kuskure ne ya kai shi ƙasa. Mu ma da muka taso da labarin Gizo mun san daɗin bin maƙaryaci mai wayo, muna dariyar dabararsa alhali mun san cuta yake yi.

Waɗanda ba sa so kuma ba sakarkaru ba ne, ko da yake sau da yawa haka ake ɗaukarsu, a ce musu ba su da juriya ko ba su waye ba. Ni dai ba na yarda da wannan raini. Tambayarsu mai nauyi ce: idan na kwashe shafi 600 ina zaune cikin ƙwaƙwalwar makashi, ina jin uzurinsa daga bakinsa, ina fargabar kada a kama shi, me wannan zama yake yi wa zuciyata? Wasu cikinsu ma cewa suke kalmar launin toka ta zama mayafi. Marubuci zai kawo mutumin da ya ƙone ƙauye, ya ba shi kyakkyawar fuska da daɗin baki da labarin maraici, shi ke nan sai a ce ai yana da zurfi. Ina zurfin yake? Mugu ne aka yi wa kwalliya.

A nan ne nake ganin binciken wani masanin halayyar ɗan Adam yana da amfani. Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Stanford, ya rasu a 2021, ya zayyana hanyoyi 8 da mutum ke bi ya lallashi zuciyarsa har ta daina zarginsa a kan mugun aiki. Daga ciki akwai sauya wa aikin suna ya yi daɗin ji, da kwatanta shi da laifin wani da ya fi muni, da ɗora alhakin a kan wanda ya ba da umarni, da ɗora wa wanda aka zalunta laifi, da kuma cire shi daga sahun mutane gaba ɗaya. Bandura a kan rayuwa ta zahiri yake magana. Amma ku saurari yadda masoyin wani jarumi ke kare gwaninsa, za ku ji hanyoyin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: ai dole ce ta sa shi, ai wane ya fi shi mugunta, ai su ma mutanen garin ba su da gaskiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ashe har a madadin mutumin takarda muna iya taka tudun nan.

Ni kaina na kama raina yana yin haka. Ina cikin karanta wani babi da jarumin da nake so ya yanka wani mai gadi don ya tsere, sai na ji na saki ajiyar zuciya, na ce alhamdulillahi ya tsira. Sai da na juya shafi biyu sannan abin ya dawo mini: mai gadin fa? Na koma baya na duba. Ba shi da suna. Ba a ce yana da mata ko 'ya'ya ba, ba a ce me ya ci da safe ba. Layi ɗaya da rabi aka ba shi, a ciki ya tsaya, a ciki ya mutu. Marubucin ya sauƙaƙa mini yafiya ta hanyar hana ni ganin wanda aka kashe, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu.

Tun daga ranar ma'aunina ya sauya. Na daina tambayar ko jinin ya yi yawa, na daina tambayar ko jarumin ya cancanci a so shi. Abin da nake nema shi ne: littafin ya bar wanda aka zalunta da fuskarsa? Ku dawo kan yaron nan na hasumiya. Babin faɗowarsa daga idon yaron aka ba da shi, muna cikin jikinsa lokacin da iska ta ɗauke shi. Bayan nan ma labarin bai yar da shi ba, mun ga uwarsa ta tare a bakin gadonsa ba barci, mun gan shi ya farfaɗo ana ɗaukarsa a baya, shi da burinsa ya zama barde. Saboda haka duk tausayin da Jaime ya samu daga baya, sai ya same shi alhali nauyin yaron yana wuyan mai karatu. Shi ya sa gardamar masu karatu a kansa take da daraja, kowane ɓangare abin da yake riƙe da shi gaskiya ne, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne The Poppy War na R. F. Kuang, marubuciya haifaffiyar ƙasar Sin da ta tashi a Amurka, wanda ya fito a 2018 tana da shekara 21 ko kusa da 22. Jarumar marainiya ce mai suna Rin, ta yi karatu ba dare ba rana ta ci jarrabawar shiga makarantar soja don ta kuɓuta daga auren da aka shirya mata. Ba yadda za a yi ka ƙi yarinyar nan. Sai yaƙi ya zo. Marubuciyar ta gina kisan kiyashin da ke cikin littafin a kan abin da sojojin Japan suka aikata a birnin Nanjing daga Disambar 1937, kuma ba ta sassauta ba. Rin ta shiga garin ta ga gawarwaki tuli. Zuciyar mai karatu ta tafasa tare da tata, ka ji kai ma ramuwa kake so. To sai ta rama: ta kira ubangijin wuta ya hallaka tsibirin abokan gaba baki ɗaya, da jarirai da tsofaffi da manoman da ba su taɓa riƙe makami ba. A nan masu karatu suka rabu. Wasu suka ce an ci amanarsu, an sa su son yarinya sannan aka mayar da ita dodo. Wasu suka ce wannan shi ne ainihin aikin littafin, ya kai ka har bakin ramin da ƙafarka, ka ga yadda wanda aka zalunta ke rikiɗewa ya zama azzalumi yana ganin kansa a kan gaskiya. Ina tare da na biyun, domin littafin bai tafa mata ba. Abokinta na kusa ya dube ta ya faɗa mata abin da ta aikata da sunansa, kuma alhakin ya bi ta kamar kwikwiyo har juzu'i na ƙarshe.

Akwai kuma duhu na arha, kuma a kansa ina bayan masu ƙorafi ɗari bisa ɗari. Littafin da ke amfani da cin zarafin mata kamar kayan adon ɗaki, a keta haddin mace a shafi ɗaya don kawai a nuna mana duniyar nan ba wasa, sannan a manta da ita a shafi na gaba, wannan lalaci ne na alƙalami. Masu kare shi sukan ce ai haka zamanin da yake. To zamanin da ai akwai maƙwabcin da ke ɓoye ɗan gudun hijira, akwai uwar da ke raba loma ɗaya gida uku, akwai sojan da ya ƙi bin umarni. Marubucin da ya share waɗannan duka ya bar mugunta zalla shi ma ƙarya ya yi, irin ƙaryar wanda ya share muguntar.

Sai maganar wanda ya rufe littafi ya ce ya isa. A 1977 Stephen Donaldson ya fitar da Lord Foul's Bane, labarin wani kuturu da ya tsinci kansa a wata duniya yana zaton mafarki ne, kuma tun a farko-farko ya yi wa yarinyar da ta taimake shi fyaɗe. Shekaru kusan 50 ke nan masu karatu na tsayawa a wannan wuri su ajiye littafin. Waɗanda suka daure sukan ce a ci gaba, domin laifin bai tafi a banza ba: uwar yarinyar ce aka ɗora wa yi masa jagora tana haɗiye baƙin ciki, kuma ɓarnar ta bi iyalin nan har juzu'ai na gaba. Gaskiya suka faɗa, littafin ya cika ma'aunin da na ambata. Duk da haka ba zan ce wa wadda ta ajiye shi ta yi kuskure ba. Ban san me ta gani a rayuwarta ba, ban san wane miki shafin ya fama ba, kuma babu marubucin da ke bin mai karatu bashin sai ya kai ƙarshe.

Masu sauraro, na ga agogo ya ci rabonmu. Littafin nan mai mai gadi yana nan a wurina, na naɗe kusurwar shafin, kuma har yau ban ƙarasa shi ba. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.