Fodkas da Kunnen Mai Koyon Turanci: Inda Ake Tuntuɓe

[Hoto: matashi yana barci, iyafis a kunne]

Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta yi mini. Wai idan mutum ya kunna fodkas na Turanci, wato shirin magana da ake saurara ta intanet, ya kwanta da shi, ko ya bar shi yana ta magana yayin da yake wasu ayyuka, nan da wata guda kunnensa zai buɗe? A'a. Maganar da kunne bai gane ba hayaniya ce, ko da an shekara ana jinta.

[Hoto: allon waya, ana neman shiri]

Zaɓen shiri ba wuya. Akwai 6 Minute English na BBC, minti shida ne, kyauta, kuma da rubutun abin da aka faɗa a cikinsa. Muryar Amurka ma tun 1959 ta fara shirye-shirye da Turanci mai sauƙi, ana magana a hankali da kalmomi kusan 1,500. Ku ɗauki wanda kuke gane mafi yawansa. Idan kowace jimla sai kun tsaya, shirin ya fi ƙarfinku a yanzu, ku ajiye shi sai gaba.

To, ga inda ake tuntuɓe.

[Hoto: ido yana bin rubutu a allo, shiri yana tafiya]

Da yawa suna buɗe rubutun shirin tun farko, suna karantawa ana magana. Idan an gama sai su ce sun gane komai. Sun gane kam, amma ido ne ya yi aikin, kunne yana zaune. Ranar da aka haɗu da Bature ido da ido, babu rubutu a goshinsa, sai a rasa ta cewa.

Dalili kuwa shi ne, kalmar da kuka sani a takarda ba haka take fitowa daga baki ba. Mu a Hausa kowace gaɓa muna ba ta haƙƙinta. Turanci kuma yana danna wasu gaɓoɓi ya haɗiye saura. Ku saurara.

[Sauti, sau biyu]

Abin da aka rubuta "want to" ne, abin da ya fito "wana". "Did you" ya koma "dija". Duk kun san kalmomin nan tun aji ɗaya. Kunnenku ne bai taɓa saninsu a wannan kama ba.

Saboda haka rubutun nan a ƙarshe ake buɗe shi. Ku yanki minti ɗaya kacal. Ku saurara ba rubutu, don ku kama kan zancen. Ku sake, wannan karon da biro a hannu, ku rubuta abin da kuka ji, inda ya kuɓuce ku bar gurbi. Sai yanzu ku buɗe rubutun ku gwada da naku.

[Hoto: takarda mai gurabe, ana cike su da jan biro]

Guraben nan su ne darasin. Ku duba kowane ɗaya: baƙuwar kalma ce, ko kuwa kun santa amma ba ku ji ta ba? Idan baƙuwa ce, ƙamus zai raba gardama. Idan kun santa, ku mayar da wurin baya sau uku, sau huɗu, har kunne ya kama ta. Sannan ku faɗe ta da bakinku yadda mai maganar ya faɗa. Ni a ganina minti ɗaya irin wannan ya fi awa guda ta sauraron da hankali yake wani wuri.

Rage gudu ba laifi ba ne. Manhajojin fodkas suna da maɓallin hakan, kuma Apple Podcasts tun 2024 yake kawo rubutun shirye-shirye da kansa. Amma sauraron ƙarshe ku mayar da shi gudunsa na asali, don a haka mutane suke magana.

[Allo ya yi baƙi]

Ga jimla guda. Zan kunna ta sau biyu, babu rubutu. Ku ɗauko biro.