Ɗan Gado a Kujerar Banki da ta Majalisa: Lacca kan Matt Ridley na Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa.

Mutumin da zan yi magana a kansa yau Bature ne, sunansa Matt Ridley, an haife shi a 1958. Gidansu gidan sarauta ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da birnin Newcastle, kuma shi ne na biyar da ya riƙe sarautar gidan, wadda suke kira Viscount Ridley. Tushen arzikinsu kwal ne. Tun ƙarni na 18 kakanninsa ke haƙarsa suna sayarwa, kuma har yau ƙasar gidan, wadda ake kira Blagdon, tana hannunsu.

Kafin in ce komai, bari in ba shi haƙƙinsa. Mutumin nan ya yi karatu. Ya yi makarantar Eton, ya wuce Jami'ar Oxford, ya sami digirin digirgir a ilimin dabbobi a 1983, bincikensa kan yadda wani tsuntsun daji ke barbara. Ya yi shekaru yana aikin jarida a mujallar The Economist, har ya zama editan sashen kimiyya. Littattafansa kan halittar ɗan Adam sun karɓu sosai. A wannan fagen babu mai raina shi.

To ina rigimar ta fito? Daga banki.

Akwai wani banki a Newcastle mai suna Northern Rock. Asalinsa ƙungiyar adashi ce ta masu neman gina gida, sai a 1997 aka mayar da shi banki mai sayar da hannun jari. Mahaifin Ridley ya shugabanci hukumar daraktocinsa daga 1987 zuwa 1992. A 1994 ɗan ya shiga hukumar, a 2004 ya hau kujerar da ubansa ya taɓa zama. Ku riƙe wannan.

Yanzu ku saurari yadda bankin ke aiki, don nan ne zuciyar maganar. Banki na al'ada yana karɓar ajiyar jama'a ne, ya ba da rance daga ciki. Shi kuwa Northern Rock ajiyar ba ta ishe shi ba, saboda yana son ya girma da gaggawa. Sai ya koma yana ciyo bashi na gajeren lokaci daga manyan kasuwannin kuɗi na duniya, yana ba mutane rancen sayen gida na shekara 25. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da yake juyawa daga can suke. Har akwai wani tsarin da mutum zai karɓi rancen da ya kai kashi 125 cikin ɗari na darajar gidan da zai saya. Duk ɗan kasuwar da ke zauren nan ya san ƙarshen wanda ya karɓi kaya bashin mako guda ya rabar da su bashin shekara: ranar da mai kaya ya ce ba ƙari, ranar asirinsa zai tonu.

Ranar ta zo a watan Agustan 2007, lokacin da rikicin rancen gidaje a Amurka ya sa bankuna suka daina ba juna bashi. Ranar 14 ga Satumba aka sanar cewa Babban Bankin Ingila ya kawo wa Northern Rock ɗauki. Jama'a na jin haka suka yi dogayen layuka a ƙofar rassan bankin, yawancinsu tsofaffi 'yan fansho, kowa na neman kuɗinsa. A rana ɗaya aka kwashe kimanin fam biliyan 1. Ingila ta fi shekara 100 ba ta ga irin wannan ba. Sai da ministan kuɗi Alistair Darling ya fito ranar 17 ga wata ya ce gwamnati ta tsaya wa duk mai ajiya, sannan layukan suka watse. Ridley ya sauka a watan Oktoba. A Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe bankin. Masu hannun jari, cikinsu har da ma'aikata da talakawan yankin, suka tashi a tutar babu.

Da ya bayyana gaban kwamitin majalisa, hujjarsa ita ce babu wanda ya hango kasuwannin za su daskare haka. Kwamitin bai gamsu ba. Rahotonsa na Janairun 2008 ya ce daraktocin sun bi hanya mai hatsari, ta ganganci. Ya kuma zargi hukumar da ke sa ido kan bankuna da barin mutum biyu, shugaban daraktoci da babban manaja Adam Applegarth, su riƙe banki irin wannan alhali babu mai takardar ƙwarewa a harkar kuɗi a cikinsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Ridley ya daɗe yana rubuta cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, amma da jirginsa ya tasam ma nutsewa, harajin talaka aka ɗauka aka ceto shi.

Za ku zaci shi ke nan. Ina! A 2012 mahaifinsa ya rasu, ya gaji sarauta. A 2013 ya shiga Majalisar Dattawan Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar Conservative. Iyayenmu da suka ga Majalisar Sarakuna ta Kaduna kafin 1966 sun san irin wannan zaure, don daga na Birtaniya aka kwaikwayo na Kaduna. Dokar 1999 ta fitar da yawancin 'yan gado daga majalisar, ta bar 92. A wancan lokacin, idan ɗaya ya rasu sai a yi zaɓen cike gurbi, kuma sau da yawa masu jefa ƙuri'ar su ne sauran 'yan gadon jam'iyyarsa. Waɗanda suka zaɓi Ridley ba su kai mutum 50 ba. An ma yi wani zaɓen a 2016 da masu ƙuri'a 3 kacal. Babu mai hannun jari ko ma'aikacin Northern Rock ko ɗaya da aka tambayi ra'ayinsa.

Rigima ta biyu ita ce ta sauyin yanayi. Ridley ya yarda duniya na ɗumama kuma ɗan Adam na da hannu, amma yana cewa abin bai kai yadda ake kururutawa ba, yana kuma sukar tallafin da ake ba injinan lantarki masu aiki da iska. A daidai lokacin kamfanin Banks na haƙar kwal a ƙasar Blagdon, gidan na samun rabonsa. Bai ɓoye ba, ya sha faɗa da bakinsa. Masana yanayi da dama sun ƙalubalanci lissafinsa, kuma wannan muhawara ce ta ilimi, a yi ta. Damuwata daban ce: a lokacin, mai cin moriyar kwal yana zaune a inda ake tsara dokar makamashi, kuma babu wani ɗan ƙasa da ke da ikon tsige shi da ƙuri'a.

Shi da kansa ya ajiye kujerar a Disambar 2021, lokacin da ya ga dama. A Satumbar 2024 gwamnatin Labour ta gabatar da ƙudurin fitar da ragowar 'yan gadon baki ɗaya.

A nan zan dakata, shugaban taro. Mai tambaya ya ɗaga hannu.