Kuruwasan mai Nutella a eya firaya: waje ya yi ja, ciki ɗanye, ina matsalar?

Assalamu alaikum, uwargida da amarya, har da maigidan da ke leƙo kicin in ya ji ƙamshi.

Ku dubi waɗannan kuruwasan guda biyun, wato naɗaɗɗen burodin nan mai falle-falle. Kwaɓi ɗaya, cakulan ɗaya, eya firaya ɗaya (na'urar da ke gashi da iska mai zafi), kowanne minti 13 ya yi a ciki. Bari mu yanka na dama. Kun ji ƙarar? Ya tashi falle-falle, cakulan na zaune a tsakiya. Ga na hagu kuma. Daga waje ba laifi, amma ciki ya cure, ya yi danƙo, mai na naso, cakulan ya gudu ya bar rami. Tun da wannan girkin ya fara yawo a TikTok da Instagram, ƙorafin da ake ta yi ke nan, kuma yawanci eya firaya ake ɗora wa laifi. Ba ruwanta. Na hagu an naɗe shi ne aka jefa shi kai tsaye. Na dama ya yi minti 20 a firiza kafin ya ga wuta.

Kayan haɗi, a gurguje. Falle ɗaya na fof fastiri, wato kwaɓaɓɓiyar fulawar nan mai ninki da ake sayarwa a daskare a manyan kantuna. Nutella ko wani cakulan na shafawa mai hazalnot, wato wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Ƙwai 1, madara cokali 1, ɗan garin fulawa na barbaɗawa. Shi ke nan. Ku juya ledar kwaɓin ku karanta abin da ke ciki, don wasu na waje ana sa musu ɗan alkohol saboda kada su lalace. Idan kuma akwai wanda jikinsa ba ya karɓar dangin gyaɗa a gidan, wannan ba nasa ba ne.

Mai gidan burodi a Faransa, ko ma a Yamai, ba zai kira wannan kuruwasan ba. Na ainihi da yis ake kwaɓa shi, a ninke shi da bota, ya huta, a sake ninkewa, aikin kwana guda ne ko fiye. Namu na gaggawa ne, babu yis. Hujjarmu ɗaya: baƙi sun ce suna hanya.

Fara da cakulan. Shimfiɗa takardar gashi a faranti, ɗebo ƙaramin cokali 1, shafaffe ba mai tozo ba, a ja shi ya yi ɗan tsawo kamar santimita 4. A yi guda 8, a tura firiza na minti 20 zuwa 30. Shi kuma kwaɓin a firji ake barinsa ya saki, ba a kan tebur ba, ba kuma kusa da murhu ba.

To, nan ne za mu daɗe. Me ke cikin wannan kwaɓin? Ga gefensa mun kusanto da shi. Waɗannan siraran layukan, fulawa ce da bota, fulawa da bota, hawa-hawa har ɗaruruwa. Babu yis, babu bakin foda, to me ke tayar da shi? Ruwa. Akwai ruwa a cikin kwaɓin, ita ma bota kusan kashi 16 cikin ɗari nata ruwa ne. Da zarar zafi mai ƙarfi ya buge su farat ɗaya, ruwan zai koma tururi, tururin ya ɗaga kowane falle daga ɗan uwansa, man kuma ya soya shi ya yi ƙarau. Amma sai botar tana da tauri lokacin da ta shiga. Bota tana narkewa ne daga wajen digiri 32 zuwa 35 na Salsiyas. Ku tuna yadda kicin yake a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ga gas a kunne, ga ɗumin tafin hannu. Kafin ku gama naɗe na huɗu, botar na farko ta riga ta narke ta shige cikin fulawa. Fallayen sun manne, tururi bai da inda zai ɗaga. Shi ne wannan danƙon da kuka gani a na hagu. Ko an ƙara masa minti 10 ba zai gyaru ba, sai dai waje ya ƙone.

Ga yadda ake ganewa. Taɓa kwaɓin da bayan yatsa. In ya yi sanyi, yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba, daidai ne. In ya fara sheƙi, yana manne wa wuƙa, ko yana miƙewa idan an ɗaga shi, a dakata, a mayar da shi firji minti 10. Kwaɓin da aka yi da man ganye maimakon bota ya fi jure zafi, amma na bota ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba, mu dai shi muke zaɓa.

Sanyin nan kuma shi ke tsare cakulan. Nutella yawancinta sukari ne da man kwakwar manja, hazalnot ɗin kashi 13 ne kacal cikin ɗari. Abu mai wannan mai da sukari, da ya ji zafi zai tsinke. Idan ya shiga da ɗumi, zai malalo tun kwaɓin bai kama jikinsa ba, ya ɗiga ƙasan kwando, sukarin ya ƙone, hayaƙi ya cika kicin. Idan ya shiga a daskare, kafin ya narke kwaɓin ya riga ya tashi ya rufe shi.

Yanka. Barbaɗa gari kaɗan, a yanka da wuƙa mai kaifi zuwa masu kusurwa uku, gindi santimita 8 ko 9, tsawo kamar 23. Danna wuƙar ƙasa ake yi, ba a jan ta, don ja yana liƙe bakin fallayen. Ɗan tsaga na santimita 1 a tsakiyar gindin. Ɗauko cakulan daga firiza, ɗaya-ɗaya, a ajiye shi santimita 2 daga gindi, kada ya kusanci gefe. Rufe shi da gindin, danne gefe biyun da yatsa, sannan a naɗe kamar tabarma har zuwa tsinin. Kada a matse, a bar masa wurin kumbura. Tsinin ya koma ƙasa, in ba haka ba iskar eya firaya za ta ɗaga shi ya warware.

Mun san hannu zai so ya ƙara rabin cokali. A'a. In ana son ƙari, a shafa a sama bayan ya gasu, babu mai hana ku.

Jera su a faranti, firiza minti 15 zuwa 20, ko firji minti 30. In wuta ta ɗauke firizar ta huce, faranti na ƙarfe a kan ƙanƙara cikin kula zai yi aikin, a rufe da leda kada ruwa ya taɓa su.

Saura gashi. Kunna eya firaya ta yi zafi minti 3 a digiri 170. Kada a sa takardar gashi ita kaɗai a lokacin nan, fankar za ta ɗaga ta zuwa ƙarfen wuta ta kama. Kaɗa ƙwai da madara, shafa a saman kawai, siriri, ban da bakin yankan. Guda 3 ko 4 a kwando, da tazarar yatsu biyu tsakaninsu, sauran su jira a firji. Minti 10 ba buɗewa, sai a juya su, a ƙara minti 3 zuwa 4 don ƙasan ya gasu, tunda zafin daga sama yake saukowa.

Masu cewa sun ga an yi a minti 6 ko 7: da yawa daga cikin waɗannan bidiyoyin daga Amurka suke, kuma da kwaɓin gwangwani irin na Pillsbury suke yi, wanda ya fi namu saurin nuna. Lambar 350 da suke faɗa ma ta Faranhait ce, a Salsiyas kusan 177 ke nan. Kada ganin 350 ya sa ku murɗa taku har ƙarshe, zuwa 200. Eya firaya kuma kowacce da halinta, ƙarama ta fi babba saurin ƙona sama. In taku ta yi ja tun minti 7, a sauko zuwa 160 a ƙara lokaci.

Wanda ya gasu za ku ji shi ba nauyi a hannu, kuma lungunan naɗin sun yi ruwan zuma, ba fari ba. A ɗora su a kan raga su sha iska minti 8 zuwa 10. Wannan ba don ado ba ne: tsakiyar tana ƙarasa nuna, kuma cakulan da ya fito daga wuta yana ƙona harshe, a kula da yara. Garin sukari a sama in ana so.

In wani ya kwana, kada a sa shi a maikurowef, zai yi laushi ya saki mai. Eya firaya, digiri 160, minti 3. Waɗanda aka naɗe ba a gasa ba kuwa, a daskarar da su a faranti, a zuba a leda mai zif, ranar da ake so a gasa su daga firiza kai tsaye a digiri 160, a ƙara minti 4 zuwa 5 a kan lokacin ɗazu.