Ruwan sha, man kaɗe da rana: abin da fatarki ke so a hunturu

Da zarar hunturu ya shigo, za ki ga ƙafa ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, faso ya buɗe baki a diddige. Shawarar farko da za a ba ki ita ce ki yawaita shan ruwa. Shan ruwa abu ne mai kyau, amma idan ba ƙishi ne ya galabaitar da jikinki ba, ko jarka guda kika shanye ƙafar nan ba za ta daina gautsi ba.

Ga dalili. Saman fata kamar katangar ƙasa ce da aka yi wa yaɓe: akwai ƙwayoyin fata a jere, akwai wani maiƙo da ya cike tsakaninsu yana hana ruwa tsiyayewa waje. Iskar hunturu busasshiya ce, kullum tana zuƙar ruwa daga fata. Sai mu kuma mu taya ta. A dafa ruwa ya yi zafi ƙwal, a ɗauko sabulu mai kaifi, a dirje jiki da soso har sai ya yi ƙara. Maiƙon nan ya tafi ke nan, ruwan da kika sha ya bi iska.

To man shafawa fa? Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo, aikinsa shi ne ya rufe wanda ya tarar. Shi ya sa wadda ta bari jikinta ya bushe ƙamas kafin ta shafa take ganin tana sheƙi amma fatar na ja. Ki shafa bayan wanka, tun jiki da sauran laima. Gilisarin kuwa janyo ruwa yake yi ya riƙe, don haka man da ya haɗa irin waɗannan biyun ya fi aiki a wannan lokaci. Mai maiƙon fuska ma tana buƙatar mai, sai dai mara nauyi, don maiƙo daban, ruwa daban.

Yanzu mu koma kan rana, inda aka fi gardama. Ana cewa baƙar fata ba ruwanta da rana. Da ƙamshin gaskiya a ciki, sinadarin melanin da ke ba mu launi yana tare wani kaso na hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake lahanta fata, shi ya sa ba ma ƙonewa da sauri irin na Turawa, kuma sankarar fata ta rana ba ta yawa a cikinmu. Amma kariyar ba ta kai ko ina ba. Dubi tabon da ƙurji ke bari a kumatu, ya yi wata shida bai gushe ba. Dubi baƙin da ke fitowa a goshi da gefen fuska lokacin goyon ciki. Rana ce ke ƙara musu duhu.

Kuma kada sanyi ko hazo su ruɗe ki. Zafin da kike ji a jiki ba shi ne ma'aunin UV ba. Hazo yana rage shi, ba ya kawar da shi, nau'in da ake kira UVA har ta gilashin tagar mota yake wucewa. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne ya fi ƙarfi.

Man kaɗe yana da kyau ga bushewar fata, amma kariyar da yake bayarwa daga rana 'yar kaɗan ce. Man kariya daga rana na gaske za ki ga an rubuta SPF a jikinsa, tare da lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken UVB, nau'in UV da ya fi ƙona fata, mai lamba 50 kusan kashi 98. Kin ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen shafawa, a lakato ɗan mitsitsi don kada kwalba ta ƙare. Fuska da wuya suna son abin da zai cika tsawon yatsu biyu, a sake bayan awa 2 idan ana cikin rana. Alwalar azahar ma tana wanke na safe, sai an ƙara.

Akwai mutum biyu da wannan magana ta zame wa dole. Na farko zabiya, wanda jikinsa ba ya samar da isasshen melanin, sankarar fata kuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka. Yaro zabiya yana buƙatar riga mai dogon hannu da malafa tun yana ƙarami, a makaranta ma a nema masa inuwa. Ta biyu mai shafa man bilicin. Irin mayukan nan da ke ɗauke da sinadarin haidurokwinon ko sitiroyid suna rage melanin, suna sirantar da fata, sai rana ta samu hanya. Daga nan ne ake samun fuska fara amma kumatu sun yi baƙi-baƙi kamar ƙuna. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Idan kuɗin man ya fi ƙarfin aljihu, lema, malafa da tufa mai kauri suna tare rana sosai, mayafi shara-shara ne dai ba ya yi. Tabon da ke canza launi ko girma, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko da a tafin ƙafa ne, a kai wa likita ya duba.