Kan Sarkin Wasiƙun Jirgin Sama na Farko: Inda Waƙafi Ɗaya Ke Sauya Daraja

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna.

A lokacin da jiragen sama suka fara ɗaukar wasiƙu, gidajen waya da dama ba su tsaya jiran a zana musu sabon kan sarki ba. Wanda ke ajiye suka ɗauko, suka kai maɗaba'a aka buga sabon rubutu a kansa. Italiya ce ta buɗe wannan ƙofa a watan Mayun 1917, domin gwajin jigila tsakanin Turin da Roma. Ostiriya ta biyo baya a 1918 da kalmar FLUGPOST, wato wasiƙar jirgin sama da Jamusanci, Sudan kuma a 1931 ta buga nata rubutun a kan sanannen hoton nan na ɗan aike bisa raƙumi.

Amma wanda ya fi ɗauke mini hankali shi ne na Newfoundland, wadda yanzu yanki ce ta ƙasar Kanada. Ku dubi waɗannan biyun da ke gabanku. Asalinsu kan sarkin senti 15 ne na 1897, aka mayar da shi dala ɗaya a 1919, shekarar da matuƙa jirgin sama Alcock da Brown suka ƙetare Tekun Atlantika ba tare da sun yada zango ba. Da gani ɗaya za ku ce tagwaye ne, to amma ku lura da kalmar POST a rubutun da aka buga a kansu: na dama yana da waƙafi a bayanta, na hagu babu. Akwai ma wanda aya ta ɓace masa a bayan lambar 1919 da ke cikin rubutun. Dalili kuwa shi ne da hannu ake jera haruffan ƙarfe, gurbi bayan gurbi, saboda haka kuskuren da ya shiga gurbi ɗaya zai yi ta maimaituwa a wuri guda a kowane falle da aka buga. Wannan ne ke bai wa mai tara kan sarki damar gane daga wace kusurwar falle nasa ya fito, kuma ƙarancin irinsa ne ke ɗaga farashinsa.

Sai dai a yi hattara, domin buga rubutu a kan kan sarki mai araha ba ya yi wa masu jabu wuya. Ku ɗauke shi da hantsaki, kada ku sa yatsa, ku juya bayansa a gaban haske, inda sau da yawa haruffan gaske kan bar sawun dannawa a jikin takarda. Idan kuma mai hatimi ne, ku sa gilashin ƙara girma ku tabbatar hatimin gidan waya ne ya hau kan rubutun, domin idan rubutun ne a sama, to daga baya wani ya ƙara shi.